Sharhi kan kalandar Kirista mai ɗauke da ranakun 'yancin ƙasashe

Kalandar bango ba kaya ba ce da aka saba yi wa dogon sharhi, domin galibi aikinta bai wuce nuna kwanan wata ba. Wadda nake magana a kanta a nan ta ɗauko wa kanta aikin da ya fi haka nauyi. Masu shirya ta sun ba kowane wata labarin wata al'umma da ta fita daga mulkin mallaka, ko daga bauta, ko daga hannun azzalumin shugaba, suka ɗora aya daga Littafi Mai Tsarki a kai, sannan suka biyo da gajeren bimbini da addu'a. Manufarsu, kamar yadda suka bayyana a shafin gabatarwa, ita ce mai bi ya riƙa tunawa da 'yanci iri biyu a lokaci guda, wato wanda ake ɗaga tuta dominsa da wanda Almasihu ya saya da jininsa. Hukuncina shi ne kalandar ta cancanci a rataye ta, amma ba duk shafukanta ne za a karanta wa iyali ba tare da gyara ba. Inda ta bar kowane 'yanci a matsayinsa ta nuna dangantakar da ke tsakaninsu, ta yi kyau ƙwarai, inda kuwa ta cakuɗa su ta mai da su abu guda, ta koyar da abin da Nassi bai koyar ba.

Ta fuskar ƙira babu wani babban aibi. Takardar tana da kauri, launuka sun fito sarai, an kuma haɗa shafukan da murɗaɗɗiyar waya mai ƙugiyar ratayewa, saboda haka ana juya wata ba tare da an yaga komai ba. Sai dai takardar mai sheƙi ce, biro ba ya kama ta da kyau, kuma tawada tana shafewa idan hannu ya goge ta kafin ta bushe, wanda hakan nakasu ne ga duk mai son rubuta ranar taro ko ranar azumi a cikin gidajen kwanaki. Hoto ya cinye kusan rabin kowane shafi, aka matse bimbinin a gefe da ƙananan haruffa, har ya zama dole mai raunin gani ya sauko da kalandar daga bango kafin ya iya karantawa. Tun da rubutun ne ainihin abin da ake saye, da an rage hoton an ba shi fili.

Janairu ya fara da Haiti, kuma zaɓin ya dace. A ranar 1 ga Janairu 1804 Jean-Jacques Dessalines, jagoran mayaƙan, ya yi shelar 'yancin ƙasar a garin Gonaïves, bayan yaƙin da bayi suka fara tun watan Agustan 1791 a kan Faransa. Ayar shafin ita ce Fitowa 3:7, inda Ubangiji ya gaya wa Musa cewa ya ga wahalar jama'arsa a Masar, ya kuma ji kukansu. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai ɓoye abin kunyar ba: ya ambaci dokar bayi ta Faransa ta 1685, wadda ta wajabta a yi wa kowane bawa baftisma amma ta bar shi a matsayin dukiyar ubangidansa, ya kuma kawo yadda a 1825 Faransa ta tilasta wa sabuwar ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta, bashin da aka rage zuwa miliyan 90 a 1838 amma ya ci gaba da tsotse arzikinta shekaru da yawa. Daga nan ya koma ga Fitowa ya nuna cewa saƙon da Musa ya riƙa kai wa Fir'auna yana da rabi biyu, a saki jama'a, domin su bauta wa Allah, kuma bayan haye Bahar Maliya ba a kai su wurin hutu ba, Dutsen Sina'i aka kai su aka ba su doka. Ya tuna mana da Ƙidaya 14, inda mutanen da aka 'yanta suka ce a naɗa musu shugaba su koma Masar. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma wannan shafi ya fahimci haka.

Fabrairu da Mayu da Satumba da Nuwamba ba su riƙe ni ba. Labaransu gaskiya ne: zanga-zangar lumana ta Manila, babban birnin Filifin, daga 22 zuwa 25 ga Fabrairu 1986, wadda Kadinal Jaime Sin ya kira jama'a gare ta ta gidan rediyon Veritas har Shugaba Ferdinand Marcos ya bar mulki; dokar 13 ga Mayu 1888 da ta sa Barazil ta zama ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta; kiran tawaye ga mulkin mallakar Sifen da limamin Katolika Miguel Hidalgo ya yi a garin Dolores na ƙasar Meziko a ranar 16 ga Satumba 1810; da dawowar Foland a matsayin ƙasa a 11 ga Nuwamba 1918 bayan shekara 123 ba ta cikin taswira. Amma bimbinin da ke ƙarƙashinsu kusan iri ɗaya ne, godiya ce da za a iya ɗagawa daga wannan shafi a liƙa a wancan ba tare da wani ya lura ba. Shafin Hidalgo musamman ya yi asarar dama, domin bai faɗi cewa hukumomin ikkilisiyarsa sun yanke shi daga tarayya kafin a kashe shi a 1811 ba, alhali a nan ne tambayar take: me mai bi zai yi idan shugabannin addininsa suna gefen masu mulkin mallaka?

Maris ya fi su nauyi. Ya kawo shelar 'yancin da Koriyawa suka karanta a ranar 1 ga Maris 1919 a ƙarƙashin mulkin Jafan, wadda mutum 33 suka sa wa hannu, 16 daga cikinsu Kiristoci, sauran mabiya wasu addinai. Marubucin ya yi amfani da wannan ya nuna cewa neman 'yancin ƙasa aiki ne da Kirista zai iya yi kafaɗa da kafaɗa da wanda ba su haɗa bangaskiya ba, domin adalci ga maƙwabci bai tsaya ga 'yan ikkilisiya kaɗai ba. Sannan ya juya ga masu bi na Koriya ta Arewa, waɗanda ƙarshen mulkin Jafan a 1945 bai kawo musu walwalar yin sujada ba, ya ɗora musu maganar Bulus a 2 Timoti 2:9, cewa shi yana ɗaure da sarƙa kamar mai laifi amma Maganar Allah ba a ɗaure take ba. Wannan ne kaɗai shafin da ya yi magana kai tsaye da mutumin da ƙasarsa ba ta da 'yanci a yau, kuma kalandar tana bukatar irinsa fiye da ɗaya.

Shafin Yuli ne ya fi damuna, kuma dominsa na ce a karanta da gyara. Labarin shi ne shelar 'yancin Amurka ta 4 ga Yuli 1776, hoton kuma na sanannen ƙararrawar nan ce ta birnin Filadelfiya, wadda aka zana wa kalmomin Firistoci 25:10 game da shelar 'yanci ga dukan mazaunan ƙasa. Ayar da aka zaɓa ita ce Zabura 33:12, mai cewa albarka ta tabbata ga al'ummar da Ubangiji ne Allahnta, bimbinin kuma ya ɗauki kafuwar ƙasar tamkar wani alkawari tsakaninta da Allah irin na Isra'ila. Matsala ta farko tana cikin ayar kanta, domin rabinta na biyu ya fayyace wace al'umma ake nufi, wato jama'ar da Allah ya zaɓa su zama gādonsa. Da Sabon Alkawari ya ɗauko wannan suna na al'umma tsattsarka a 1 Bitrus 2:9, bai ba wata daula ba, ya ba masu bi ne da ke warwatse a Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, mutanen da ba su da tuta ko iyaka ko sojoji, waɗanda wasiƙar ta kira baƙi da matafiya. Babu wata ƙasa ta zamaninmu, komai yawan majami'unta, da ta gāji wannan matsayi. Matsala ta biyu tana cikin tarihi. Firistoci 25 magana ce ta shekara ta hamsin, wadda a cikinta ake sakin Ba'isra'ilen da talauci ya sa ya sayar da kansa, ake kuma mayar wa kowane iyali gonarsa, amma ƙidayar farko da Amurka ta yi a 1790 ta sami bayi kusan 700,000, kafin 1860 sun kusa miliyan 4. Masu yaƙi da bauta na shekarun 1830 ne ma suka yayata sunan da ake kiran ƙararrawar da shi yanzu, wato Ƙararrawar 'Yanci, suna tuhumar ƙasarsu da ayar da ke jikinta. Shafin bai ce uffan a kan wannan ba. Ba ina cewa kada Ba'amurke ya gode wa Allah saboda ƙasarsa ba ne, kowa yana da wannan dama, kuma 1 Timoti 2:1-2 ta umarce mu da yin addu'a domin masu mulki. Godiya daban ce, ɗaukar ƙasa a matsayin zaɓaɓɓiya kuma daban.

Abin mamakin shi ne kalandar da kanta ta riga ta ba da amsar wannan kuskure a wasu shafuka biyu, abin da ya sa nake ganin hannaye daban-daban ne suka rubuta ta ba tare da wani ya zauna ya daidaita su ba. Shafin Yuni, wanda ke gab da na Yuli, ya ba da labarin 19 ga Yuni 1865, ranar da aka sanar da bayin Galveston a jihar Texas ta Amurka cewa sun 'yantu, shekara biyu da rabi bayan shelar 'yantar da bayi da Shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1 ga Janairu 1863, ya haɗa shi da tambayar Romawa 10:14 game da yadda mutane za su ji in ba mai wa'azi. Kwatancen yana da daɗin ji, ko da yake jinkirin bai tsaya ga rashin labari kawai ba, sai da sojojin gwamnatin tarayya suka iso kafin iyayen gijin su saki. Shafin Afrilu kuwa, na zaɓen Afirka ta Kudu na 27 ga Afrilu 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, ya fito fili ya nuna haɗarin al'umma ta karanta kanta a matsayin Isra'ila. Ya bayyana yadda Turawan Afrikana, fararen fatar ƙasar masu tushen Holan, suka ɗauki ƙaurar kakanninsu ta shekarun 1830 tamkar fitowa daga Masar, suka mai da nasarar yaƙinsu da Zulu ta 16 ga Disamba 1838 ranar alkawari da Allah, har babbar ikkilisiyarsu ta nemo wa wariyar launin fata hujja daga Nassi, kafin taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya ya ayyana wannan koyarwa a matsayin bidi'a a Ottawa a 1982. Waɗanda ake zalunta su ma labarin Fitowa ɗin suke karantawa, su ma suna ganin kansu a cikin jama'ar Musa. Marubucin ya lura cewa da wuya a sami wanda ya buɗe littafin ya gane kansa a cikin Fir'auna, ya rufe da aikin hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta, wadda ta fara sauraron shaidu a 1996. Duk wanda ya rubuta Afrilu ba zai yarda da Yuli ba.

A nan ne na ji rashin wani babi da ya kamata a ce yana cikin kalandar, wato Irmiya 34. A lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, Sarki Zadakiya da manyan gari sun yi alkawari a gaban Allah suka saki bayinsu Ibraniyawa, daga baya suka sake tunani suka komo da su cikin bauta, Ubangiji kuwa ya aiko musu da hukunci mai tsanani ta bakin annabin. Ban san wani wuri a Nassi da ya fi wannan dacewa da al'ummar da ke roƙon Allah ya cece ta daga abokan gaba na waje alhali tana danne raunana na cikinta ba.

Agusta ya dawo da martabar aikin. Ranar ita ce 1 ga Agusta 1834, lokacin da dokar Birtaniya ta 1833 ta soke bauta ta fara aiki a kan bayi kimanin 800,000, yawancinsu a tsibiran Karibiyan. An saba a ba da wannan labari da sunan William Wilberforce kaɗai, ɗan majalisar Birtaniya mai yaƙi da bauta, wanda ya rasu a 29 ga Yuli 1833, kwanaki kaɗan bayan ya ji cewa dokar za ta wuce. Shafin ya ba shi haƙƙinsa, amma ya sa Samuel Sharpe a gaba, bawa kuma dikin na ikkilisiyar Baftis a Jamaika, wanda ya shirya yajin aikin Kirsimetin 1831 da ya rikiɗe ya zama tawaye, aka rataye shi a Montego Bay a watan Mayun 1832. Ya faɗi cewa diyyar fam miliyan 20 da majalisa ta ware iyayen giji aka biya, bayin ba su sami ko kwabo ba, kuma an ci gaba da tilasta musu aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Ya kuma ambaci gutsurarren Littafi Mai Tsarki da aka buga a Landan a 1807 domin bayi, wanda aka cire masa labarin fitowa daga Masar, shaida ce cewa masu bayin sun san abin da littafin zai haifar idan aka karanta shi gaba ɗaya. Ayar shafin Galatiyawa 5:1 ce, kuma na yaba da gaskiyar marubucin da ya ce 'yancin da Bulus yake nufi a wurin 'yanci ne daga karkiyar Shari'a da kaciya, ba daga sarƙar ƙarfe ba. Bai tsaya a nan ba, ya bi zaren zuwa Galatiyawa 3:28 da wasiƙar Filimon, ya nuna cewa mutumin da ya karɓi bawansa a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce a teburin Ubangiji ba zai daɗe yana iya sayar da shi a kasuwa da kwanciyar rai ba. Haka ya kamata a haɗa 'yancin biyu, ɗaya yana haifar da ɗaya ba tare da an ce su abu guda ne ba.

Oktoba shi ne shafin da na fi so. Tun 1982 ake yin addu'ar salama kowace Litinin a majami'ar Nikolai ta birnin Leipzig a Jamus ta Gabas, a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, shekaru da yawa mutane ƙalilan ne ke zuwa. A ranar 9 ga Oktoba 1989, bayan addu'ar, kimanin mutum 70,000 suka zagaya gari da kyandirori a hannu, jami'an tsaro da aka jibge ba su buɗe wuta ba, bayan wata guda kuma katangar Balin ta faɗi. Da marubucin ya tsaya a nan da labarin ya zama na nasara zalla. Sai ya ƙara abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba, cewa bayan haɗewar Jamus a 1990 majami'un ba su cika ba, kuma yankin gabashin yana cikin wuraren da addini ya fi rauni a Turai har yau. Ikkilisiya ta buɗe ƙofarta ga masu neman 'yancin ƙasa, sun samu, akasarinsu ba su nemi ɗaya 'yancin ba. Ya ɗora Yohanna 8:31-36 a kai, inda masu sauraron Yesu suka ce su zuriyar Ibrahim ne ba su taɓa zama bayin kowa ba, suna faɗin haka sojojin Roma na cikin ƙasarsu, shi kuma ya amsa musu cewa duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne, sai wanda Ɗan ya 'yanta ne yake da 'yanci na gaske. Marubucin bai ce ikkilisiyar ta yi asara ba, ya ce ta yi abin da ya wajaba a kanta ko da ba ta sami sababbin mambobi ba, ni ma ra'ayina ke nan.

Disamba ya ɗauki 10 ga wata na 1948, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam a Faris, wanda sashensa na 18 ya tanadi 'yancin addini har da na sauya shi, ya haɗa da Ayyukan Manzanni 16. Bulus da Sila suna waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi da ƙafafunsu a turu, da gari ya waye kuma Bulus ya ƙi fita a ɓoye, ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su. Bimbinin gajere ne amma ya isa.

Akwai wani abu a tsarin gidajen kwanakin da ya saɓa wa manufar kalandar. Ranakun 'yancin ƙasashe da yawa an buga su da jan launi, har da na ƙasashen Afirka 17 da suka sami 'yancin kai a 1960, waɗanda ba a ba ko ɗaya daga cikinsu cikakken shafi ba, amma Juma'a Mai Kyau da Ista da Fentikos suna can da baƙin ƙaramin rubutu a ƙasan gida, daidai da alamar tsayuwar wata. Ga Kirista ranar tashin Almasihu daga matattu ita ce tushen duk maganar 'yanci na ruhu, kuma ta faɗo ne a lokacin Idin Ƙetarewa, bikin fitowar Isra'ila daga Masar, wato wuri guda a Nassi da labaran biyu suka haɗu da kansu ba tare da an tilasta su ba. Kalandar da aka gina a kan wannan jigo bai kamata ta wuce shi da ƙaramin rubutu ba.

Za ta amfani malamin makarantar Lahadi ta manya da shugaban ƙungiyar matasa da fasto mai neman abin wa'azi a makon bikin ƙasarsa, muddin ya karanta Afrilu kafin ya kai Yuli. Idan za a sake bugawa, ina ba da shawarar a ƙara girman rubutu, a sauya takardar gidajen kwanaki zuwa wadda biro ke kamawa, a kuma ba Sudan ta Kudu wuri a watan Yuli. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu ƙuri'a sun zaɓi ɓallewa a Janairun 2011, aka ɗaga tuta a Juba a 9 ga Yuli na shekarar, a ƙasar da Kiristoci suka fi yawa, kafin ƙarshen Disambar 2013 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Shugaba Salva Kiir da na Riek Machar, mataimakinsa da ya sauke. Ayar da za ta zauna a ƙarƙashin hoton tana Galatiyawa 5:13-15, inda Bulus ya gargaɗi waɗanda aka kira zuwa ga 'yanci cewa idan suna cizon juna suna cin juna, su lura kada su hallaka juna.